Zango Ɗaya a Yamai da Makin da Aka Ƙi Lissafawa

Takardar tana nan a wurina har yau, cikin jakar da nake ajiye takardun makaranta. Shafi ɗaya ce, da Faransanci, kwasa-kwasai shida, gaban kowanne an rubuta maki bisa 20, ga hatimi a ƙasa. Ranar da na kai ta ofishin jami'in jarrabawa na sashenmu, ya juya ta gaba da baya, ya ɗago ya ce, "To, 13 bisa 20 ɗin nan, a wane gurbi zan saka shi?" Na ce, "Malam, in an mayar da shi bisa 100 ai 65 ke nan." Ya ce, "Wannan lissafinka ne. Ina takardar da majalisar jami'a ta amince da haka?" Babu ita. Ban ga laifinsa ba a ranar, kuma har yanzu ban gani ba, domin shi ma'aikaci ne, ba zai shigar da abin da doka ba ta san da shi ba. Ƙarshen maganar dai an karɓi zuwana Yamai a matsayin cika sharaɗin zama cikin masu jin Faransanci, amma kwasa-kwasai huɗu daga cikin shidan sai da na sake su. Abokan ajina suka tafi bautar ƙasa, ni ina zaune a aji da ƙannenmu ina maimaita abin da na riga na ci.

Duk da haka, da za a mayar da ni baya, tafiyar zan sake yi. Wata huɗu da 'yan kwanaki da na yi a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai sun fi kowane zango da na yi a jami'a amfani a gare ni. Shi ya sa nake ganin ya kamata jami'o'inmu na Arewa su mayar da zuwa zango ɗaya a jami'ar maƙwabciyar ƙasa wani abu na yau da kullum, a rubuce cikin tsarin karatu, wanda ɗalibi zai je ya dawo a lissafa masa makinsa ba tare da ya roƙi kowa ba.

Faransanci na karanta. A Najeriya duk ɗalibin wannan fanni dole ne ya yi wani lokaci a aji uku yana zaune cikin harshen, safe da dare. A da, ƙasashen waje ake kai su, wasu Faransa, wasu Togo ko Senegal ko wata ƙasar da ke amfani da harshen. Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, darajar naira ta zube, gwamnati ta kasa ɗaukar nauyin, sai aka kafa Ƙauyen Koyon Faransanci a Badagry ta jihar Legas a 1991, aka kafa na Larabci a Ngala ta jihar Borno a 1992. Dabara ce mai kyau a lokacinta, ta kuma ceci ɗalibai da yawa. Amma a duba taswira. Ɗalibin da ke Katsina zai yi tafiyar da ta haura kilomita 1,000 zuwa bakin teku don ya zauna da 'yan'uwansa 'yan Najeriya suna ƙoƙarin yin Faransanci da juna, alhali Maraɗi, inda ake karantar da lissafi da aikin likita cikin wannan harshe, ba ta wuce tafiyar sa'o'i biyu daga ƙofar gidansu ba. Wani malaminmu da ya yi karatu a Nijar ne ya kasa haƙuri da wannan, ya rubuta wa abokansa na can, ya samo wa mu huɗu gurbi. Wasiƙa ce tsakanin sashe da sashe, da amana tsakanin malami da malami. A nan matsalar makina ta samo asali, amma a lokacin babu wanda ya hango ta.

Mun bi ta Jibiya, muka shiga Ɗan Isa, muka kwana a Maraɗi. Washegari da asuba muka hau babbar mota, ta bi da mu Birnin Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, har Yamai, fiye da kilomita 600. Tun a tasha na fara karatu. Na tambayi kuɗin ruwa, yarinyar ta ce dala ashirin. Na tsaya ina kallonta. Wani dattijo da ke gefe ya ce, "Ɗana, daga Najeriya kake ko? Sefa 100 take nufi. Dala ɗaya sefa biyar ce, jikka dubu." Da Hausa aka yi mini magana, kowace kalma na san ta, amma sai da aka fassara mini. Haka na yi ta karo da irin wannan: makaranta lakwal, malamin boko mushe, asibiti kuwa likita. Mu Turancin Ingilishi ya shiga bakinmu, su Faransanci, a ƙarƙashi kuma harshe ɗaya ne.

Jami'ar tana hayin kogin Kwara, unguwar da ake kira Harobanda. Daga cikin gari sai an haye gadar Kennedy. A kan wannan gada ce ranar 9 ga Fabrairun 1990 jami'an tsaro suka buɗe wa ɗalibai masu zanga-zanga wuta, uku suka mutu, abin da ya ƙara ingiza ƙasar zuwa babban taron ƙasa na 1991 da mulkin jam'iyyu da yawa. Duk shekara ɗalibai suna tunawa da ranar. Na yi shekara uku a jami'a, na haddace sarakunan Faransa da marubutanta, amma ban taɓa jin wannan labari ba sai da abokin ɗakina ya tsayar da ni a tsakiyar gadar ya nuna mini wurin. Haka ban san cewa mutumin da jami'ar ke ɗauke da sunansa, Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa ne, masanin kimiyyar da ya ƙarar da rayuwarsa kan binciken makamashin hasken rana tun kafin mu san farantin sola a rufin gidajenmu ba.

A aji na fi shan wuya, a nan kuma na fi ƙaruwa. Mu mun saba a ba mu takardun malami mu haddace, ranar jarrabawa mu mayar masa da kayansa. A can sai a ba ka jimla ɗaya tak, a ba ka sa'o'i uku ko huɗu, a ce ka tattauna. Dole ka fitar da tambayar da ke ɓoye cikin jimlar, ka kawo hujjojin da ke goyon bayanta, ka juyo ka rusa su da kanka, sannan ka nemo matsayar da ta fi duka biyun. Aikina na farko 7 na samu. Malamar ta rubuta da jan biro cewa na san abubuwa da yawa amma ban yi tunani a kan ko ɗaya ba. Na kwana da zafin maganar, na kuma san gaskiya ta faɗa. Kafin ƙarshen zango na kai 13 a kwas ɗinta, kuma duk wanda ya san tsarinsu ya san 10 ne cin jarrabawa, 12 an yaba, 14 an yi ƙoƙari ƙwarai, 16 kuwa ba kasafai malami ke bayarwa ba. Wato ko da jami'in jarrabawarmu ya yarda da lissafina na 65, ba lallai ne lissafin ya yi adalci ba. Abu ne da malamai daga ɓangarorin biyu za su zauna su auna, su rubuta.

Sai zama baƙo. Yamai gari ne da Zabarmanci ke da ƙarfi a cikinsa, duk da ana jin Hausa kusan ko'ina. Ni da na tashi a inda kowane baƙo ke koyon harshena, ga ni a taksi mutane na hira suna dariya ban san me ake cewa ba. Na koyi "fofo", gaisuwarsu, na koyi tambayar farashi, na ga yadda fuskar mai sayar da dambu da zogale ke sakewa in na gwada gaishe ta da harshenta. Tun daga lokacin na daina ganin ɗalibin da ya zo mana daga Binuwai ko Inugu da idon da nake ganinsa da shi a da. Da dare kuma akwai fada, inda samari ke zama a ƙofar gida ana dafa shayi zagaye uku, ana gardamar siyasa da ƙwallo. A nan na ji yadda ake kallon Najeriya daga waje: ana sha'awar kasuwancinmu da finafinanmu da malamanmu na addini, ana kuma tsoron hayaniyarmu da yadda muke raina doka. Wani ya tambaye ni me ya sa duk ɗan Maraɗi ya san sunan gwamnan Katsina da na Kano, amma mu ba mu san ko sunan jihohinsu ba. Ban sami amsar da zan ba shi ba.

Wata rana wani malami ya kai mu sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na cibiyar binciken kimiyyar ɗan'adam ta jami'ar, inda aka adana dubban littattafan hannu. Na ga waƙoƙin Hausa da Fulatanci cikin ajami, irin waɗanda kakana ke rerawa. A wannan gari ne kuma a 1980 masana daga ƙasashen biyu suka zauna don daidaita ƙa'idojin rubutun Hausa. Sai abin ya faɗo mini cewa tafiyar da na ɗauka sabuwa ce tsohuwar hanya ce. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Maratta aka haife shi, cikin Nijar ta yau, ya kuma bi malaminsa Malam Jibrilu har Agadas. Sarkin Maraɗi har gobe Sarkin Katsina ake kiransa, na Tsibiri kuma Sarkin Gobir. Almajiran da ke tashi daga Damagaram zuwa Kano ko Zariya ba su taɓa tsayawa ba. Masu karatun boko ne kaɗai iyakar da Ingila da Faransa suka ja a farkon ƙarni na 20 ta raba da gaske.

Turawan da suka ja iyakar kuwa sun daɗe da warware tasu. A 1987 suka fara shirin Erasmus na musanyar ɗalibai tsakanin jami'o'insu, da ɗalibai 3,244 daga ƙasashe 11. Yau miliyoyi sun bi ta cikinsa, kuma kuɗin da aka ware masa daga 2021 zuwa 2027 ya haura yuro biliyan 26. Mutane kan ji wannan adadi su ce ai shi ke nan, mu ba mu da irin wannan kuɗi. Ni ba kuɗin ne ya fi ɗaukar hankalina ba. Ginshiƙin shirin wata takarda ce mai sauƙi. Kafin ɗalibi ya bar gida, shi da jami'arsa da jami'ar da za ta karɓe shi suna sa hannu a kan jerin kwasa-kwasan da zai yi a can da waɗanda za su maye gurbinsu a gida. Ana auna nauyin karatu da ma'auni iri ɗaya: zango ɗaya ma'auni 30 ne, shekara 60, ko'ina ka je. Ɗalibi ba ya biyan kuɗin makaranta a inda ya je, domin su ma nasu suna zuwa. In ya ci, dole a lissafa. Da an yi mini irin wannan takarda, wadda ba ta cin ko sisi, da ban yi asarar zango ba. Jami'o'in Nijar ma sun riga sun koma wannan tsari na ma'auni 30 a zango. Saura mu mu zauna mu ce kwas kaza nasu daidai yake da kwas kaza namu.

Abin da ke hana mu, a ganina, yadda muka fahimci kalmar "waje" ne. In an ce yaro ya tafi karatu waje, hankali yana tafiya Ingila ko Amurka ko Malesiya ko Masar, digiri sukutum, da dala. Saboda haka abin ya zama na 'ya'yan masu hali da 'yan ƙalilan da gwamnati ta zaɓa. Na yaba wa gwamnatin Kano da ta ɗauki nauyin ɗalibai 1,001 zuwa digiri na biyu a 2023, kuma ba na son a daina irin wannan. Amma kuɗin da ake kashe wa mutum ɗaya a irin wannan tafiya zai kai ɗalibai da dama Maraɗi ko Damagaram su yi wata huɗu, da kuɗin mota da na ɗaki da na abinci. Ɗan manomin da ba zai taɓa ganin cikin jirgin sama ba zai iya shiga wannan.

Kuma ba maganar ɗaliban Faransanci kaɗai nake yi ba. Akwai Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, da ta André Salifou a Damagaram, da ta Djibo Hamani a Tawa, ga Jami'ar Musulunci da ke Say tun 1986. Ɗalibin noma daga Sakkwato ko Dutse yana da abin koyo a jihohin Maraɗi da Damagaram, inda manoma suka farfaɗo da miliyoyin hekta ta hanyar barin kututturen gawo da sauran itatuwa su sake tsiro a gona, har duniya na zuwa gani. Hamadar da suke kokawa da ita ita ce ke gangarowa kanmu. Ɗalibin likitan dabbobi ya san shanun da ke Maigatari da Illela daga ina suke fitowa, da cututtukansu. Sanƙarau da kwalara ba sa tsayawa a shingen kwastan. Su kuma ɗalibansu suna matuƙar neman Turancin Ingilishi, da yawa suna kashe kuɗi zuwa Gana don shi, ga Kano da Zariya kusa da su. Musanya ce ta gaske, kowa na da abin bayarwa.

Na san abin da za a ce, domin an sha faɗa mini. Na farko, wai Bahaushe in ya je Nijar Hausa zai yi ta yi, ba zai koyi komai ba. Akwai gaskiya a ciki. A kasuwar Katako ban taɓa buƙatar Faransanci ba, kuma ɗaya daga cikin mu huɗun ya dawo kusan yadda ya tafi saboda bai rabu da 'yan gida ba. Amma lacca da littattafai da jarrabawa da takardun ofis duk da Faransanci suke, kuma Hausar nan ita ta hana ni nutsewa a makonnin farko: abin da ya shige mini duhu a aji, abokin ɗakina ya warware mini shi da dare da harshen da na sha a nono. Wanda ke son zama inda ba ya jin kowa sai ya nemi Lome ko Dakar. Hanyar da nake kira a buɗe ba ta rufe wata ba. Gaskiya ne kuma a 2025 hukumomin Nijar sun ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Wannan ƙarin dalili ne. Ƙasar da ke son ɗaga Hausa zuwa ofis da aji tana buƙatar abin da sassan Hausa na Kano da Zariya da Sakkwato suka tara cikin shekaru fiye da 50.

Na biyu, digirin bogi. Bayan da ɗan jarida Umar Audu ya bankaɗo yadda ya sayi digiri a Kwatano cikin mako shida, gwamnatin Najeriya ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo a Janairun 2024, kuma tun daga nan duk takardar da ta fito daga maƙwabta ana yi mata kallon tuhuma. Amma me ya haifar da wannan kasuwa? Yara ne ke tsallakawa kowa da kansa, ta hannun dillalai, babu wata jami'a a gida da ta san inda suka je. Musanya tsakanin jami'ar gwamnati da jami'ar gwamnati, inda sakamako ke tafiya daga magatakarda zuwa magatakarda ba ta hannun ɗalibi ba, ita ce akasin wannan. Malaman da suka san juna, suna duba takardun ɗaliban juna, da wuya a sayar musu da jabu.

Na uku shi ne mai nauyi, kuma ba zan rage masa nauyi ba: tsaro da siyasa. Hanyar Jibiya da na bi hankali kwance ta sha fama da 'yan bindiga. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an rufe iyaka, an yanke wutar lantarki, har aka yi maganar yaƙi, sai a 2024 aka janye takunkumi. A Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS. Ba zan ce wa uba ya tura 'yarsa inda ransa bai kwanta ba, kuma duk jami'ar da za ta tura ɗalibai dole ta zaɓi gari da hanya da lokaci da idon basira, ta dakatar in hali ya ɓaci. Amma na ga abin da ya faru a 2023. Waɗanda suka fi ɗaga murya kan kada a yi yaƙi su ne waɗanda ke da dangi da abokai da malamai a hayin iyaka. A waɗancan makonni ni da abokin ɗakina kusan kullum sai mun yi waya. Gwamnatoci za su ɓata su shirya, iyakar nan mai tsawon kilomita 1,500 tana nan. Ina so a ce nan da shekara 20 jami'in kwastan da likita da babban sakatare na kowane ɓangare akwai wanda suka taɓa cin tuwo kwano ɗaya da shi a ɗaya ɓangaren. Ana shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi tun 2021 don kaya da fasinja. Ya kamata a ce akwai ɗalibai cikin fasinjojin.

Akwai kuma yajin aiki. A 2020 jami'o'inmu sun yi wata tara a rufe, a 2022 wata takwas. Wace jami'a ce za ta tsara musanya da wadda ba ta san ranar buɗewarta ba? Su ma can suna da nasu yajin da shekarun karatu masu hawa kan juna. Wannan matsala ce ta gaske, amma tana nufin a rubuta cikin yarjejeniya abin da za a yi in zango ya katse, kamar yadda ɗan kasuwa ke rubuta abin da za a yi in kaya suka makara.

Ba sai an jira Abuja ba. Majalisar kowace jami'a tana da ikon amincewa da kwas ɗin da aka yi a wata jami'a. Sashe ɗaya ya fara da ɗalibai 10, a jera kwasa-kwasai, a amince da jadawalin mayar da maki bisa 20 zuwa namu, a sa hannu kafin kowa ya hau mota, a naɗa malami ɗaya a kowane ɓangare wanda ɗalibi zai kira in ya shiga matsala. A tanadi ɗakin kwana mai aminci ga mata tun farko, domin in ba haka ba shirin zai zama na maza kaɗai. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa ta fitar da ƙa'ida guda da kowa zai bi, asusun TETFund mai tallafa wa manyan makarantu ko gwamnatocin jihohin kan iyaka su ɗauki kuɗin mota da ɗaki.

Kwanan baya 'yar yayata, wadda ke aji biyu a sashen noma, ta zo ta same ni. Wani malaminsu yana da aboki a Maraɗi, ana maganar tura su. Ta ce, "Kawu, in je?" Na ɗauko takardar nan mai maki bisa 20 na ba ta ta karanta, na ba ta labarin ofishin jami'in jarrabawa. Na ce ta je, in iyayenta sun yarda kuma hanya ta yi kyau, ni zan raka ta har Ɗan Isa. Amma kafin nan ta koma wurin shugaban sashensu ta nemi a rubuta mata kwasa-kwasan da za a lissafa, da sa hannu da hatimi. Ta je sau biyu. An ce mata maganar tana gaban kwamiti, ta dawo bayan hutu.